Ta Wace Hanya Abin Ya Biyo?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Watau ko wane abu ka ga ya auku, akwai abin da ya jawo shi. Wannan magana ba mai musunta. Amma akwai wata tambaya a bayanta wadda ba kasafai mu kan yi ba, ita ce, shi sanadin ta wace hanya ya biyo har ya iso? Gama sanadi ba shi da fiffike, balle ya tashi sama ya sauka a kan mutum. Tilas ya bi hanya, sau da yawa kuwa akwai wani abu tsaye a tsakiyar hanyar, yana karɓa daga wannan yana miƙa wa wancan, kamar dillali tsakanin mai saye da mai sayarwa. Shi wannan na tsakiya shi zan riƙa kira tsani a cikin wannan takarda.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci kun sha jin ana cewa 'ya'yan matar da ta iya karatu sun fi tsira daga mutuwar ƙuruciya bisa ga 'ya'yan wadda ba ta iya ba. Ni akawu ne, mutumin Fakuwa ta ƙasar Kankiya. Ilmina bai wuce allo da firamare ba, sai abin da na tsinta a littattafai daga baya, amma aikina ya koya mini kada in sa hannu a lissafin da ban bi diddiginsa ba. Don haka na ke so mu bi diddigin maganar nan tare. In gaskiya ce, ta yaya baƙaƙen da ke kan takarda su ke kare yaro daga cuta? Amsar tana da nauyi, domin a kanta a ke tsai da inda za a kashe kuɗin jama'a, ko aji, ko ɗakin shan magani, ko rijiya. In an kuskure, kuɗi sun tafi, yara kuma ba su tsira ba.

Sa'ad da na kama aiki na tarad da waɗansu dattawan akawuna waɗanda suka fara tun zamanin En'e, kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976. Su suka ba ni labarin tafiyar kuɗin haraji a wancan zamani. Talaka ba ya ɗaukar kuɗinsa da kansa ya kai Baitulmali a Katsina. Mai unguwa ya ke ba, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Baitulmali. In kuɗi suka kasa a can, akawu mai hankali ba ya tsayawa yana zagin talakawa. Sai ya ɗauko rasit ya bi tsani ɗaya ɗaya, har ya ga inda igiya ta tsinke. Wanda ya san farkon hanya da ƙarshenta kaɗai, bai san matakan tsakiya ba, ba shi da ikon gyara kome. To, haka al'amarin sanadi ya ke.

Tsanin da a ke gani da ido

Bari mu fara da misali mai sauƙi, wanda dattawanmu duk sun san shi, watau kurkunu. Ina yaro na ga manya majiya ƙarfi zaune a zaure da damina, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsa a jikin tsinke kaɗan kaɗan, gona kuwa tana can ciyawa na cinyewa. An daɗe ana zargin ruwan tafki, amma me ke cikin ruwan? Wajen shekarar 1870 wani masani mutumin Rasha, Alexei Fedchenko, ya gano cewa akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro a ruwan da ba ya gudu. Mai kurkunu ya tsoma ƙafarsa a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba 'ya'yanta, ƙwaron nan ya haɗiye su, mutum kuma ya sha ruwan tare da ƙwaron. Bayan kamar shekara guda sai tsutsa ta ɓullo. Ashe ƙwaron nan shi ne tsani tsakanin tafki da ƙafa.

Kun ga amfanin sanin tsani. Kurkunu ba shi da magani na sha, ba shi da allurar rigakafi, ba kuma mai iya cike tafkunan ƙasar nan duka. Amma ana iya tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan idanu ƙwaron ya tsaya a sama, ana iya zuba wa tafki maganin da ke kashe shi, ana iya hana mai ciwo shiga ruwa, a kuma haƙa rijiyoyi. Da aka yi ƙidaya a Nijeriya a 1988 zuwa 1989, an sami masu kurkunu fiye da 650,000. Aka dinga sare tsanin nan shekara da shekaru. Mutum na ƙarshe da aka gani da cutar a ƙasar nan a watan Nuwamba 2008 ne, a Jihar Enugu, a watan Disamba 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da ita. Babu hujjar da ta kai wannan ƙarfi: ka ce ga tsani, ka sare shi da hannunka, abin kuwa ya daina isowa.

Tsanin da sai da ƙidaya

To, amma tsanin da ke tsakanin karatun uwa da lafiyar ɗanta ba ya shiga madubin likita, ba a kuma tace shi da ƙyalle. A nan sai ƙidaya. Wanda ya fara nuna yadda a ke auna hanyoyin sanadi da lissafi wani Ba'amurke ne, Sewall Wright, a 1921, yana aiki a ma'aikatar gona ta ƙasarsu yana kiwon ɓeran Masar. Ya lura da abin da ko wane mai akuya ya sani, watau in 'ya'ya suka yi yawa a ciki ɗaya, su kan fito ƙanana. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, cunkoso ya kan sa a haife su da wuri. Ta biyu, suna raba abincin uwa, don haka girmansu a ciki ba ya sauri. Ya zana hanyoyin nan a takarda da kibiyoyi, ya auna ya ga nawa ne ya bi wannan, nawa ne ya bi waccan.

Maganar karatun uwa kuwa, a ƙasarmu ta yi ƙarfi. Wani masani mutumin Ostareliya, John Caldwell, ya bincika labarin haihuwar mata dubbai a Ibadan, ya fitar da sakamako a 1979. Ya tarar ilmin uwa ya fi ko wane abu da ya auna nauyi wajen tsirar yara. Ya kawo hanyoyi uku da ya ke tsammani. Mace mai ilmi ba ta kan naɗe hannu in yaro ya kwanta. Ta san inda za ta, in ta je kuma likita da ungozoma su kan saurare ta. A cikin gida kuma maganarta ta kan sami shiga wajen miji da uwar miji. Amma tsammani daban, tabbatarwa daban. Yaya za a gwada?

A 1986 waɗansu malamai biyu na Amurka, Reuben Baron da David Kenny, suka shimfiɗa hanyar gwaji wadda ta bazu ko ina. Tambayoyi huɗu ne. Zan bayyana su da lissafin misali, wanda ni na shirya don koyarwa, ba ƙidayar wani gari ba ce.

Mu ɗauka akwai uwaye 200, ko wace da ɗa guda. Ɗari sun iya karatu, ɗari ba su iya ba. Ƙyanda ta shigo gari. Muna tsammanin tsanin shi ne allurar rigakafi da a ke yi wa yaro in ya kai wata tara.

Tambaya ta fari: akwai bambanci tun asali? Muka ƙirga, a gidajen masu karatu yara 18 suka kamu, a ɗaya ɓangaren 38. Bambanci yara 20.

Tambaya ta biyu: karatu yana tafiya tare da tsanin? Muka duba kati, masu karatu 80 sun kai 'ya'yansu allura, marasa karatu 30 kaɗai. Bambanci 50.

Tambaya ta uku: tsanin yana da aiki a kan cutar, in an gwada uwaye masu matsayi ɗaya? Muka ware masu karatu su kaɗai. A cikin yara 80 masu allura 8 suka kamu, watau ɗaya cikin goma. A cikin 20 marasa allura 10 suka kamu, watau biyar cikin goma. Muka ware marasa karatu, muka tarad da haka nan: 3 cikin 30, da 35 cikin 70. Ke nan a ko wane ɓangare allura tana kare yara huɗu cikin goma.

Tambaya ta huɗu ita ce uwa: in an daidaita tsanin, bambancin farko yana nan ko ya ɓace? Ku duba yara masu allura kaɗai. Ɗan mai karatu da ɗan marar karatu duk ɗaya cikin goma ne. Ku duba marasa allura, duk biyar cikin goma. Bambanci ya ɓace sarai. Ashe duk amfanin karatu a misalin nan ta ƙofar allura ya shigo.

Akwai kuma hanyar da akawu zai tabbatar lissafinsa ya rufe. Karatu ya ƙara yara 50 a layin allura, allura kuwa tana kare huɗu cikin ko wane goma. Goma biyar ke cikin 50, huɗu sau biyar 20. Ga yara 20 ɗin nan da muka fara gani sun fito daidai. Abin da ya bi ta tsani shi ne ƙarfin mataki na fari a ninka da ƙarfin mataki na biyu. In ɗaya daga cikinsu sifiri ne, ba abin da zai wuce, kamar yadda kuɗi ba su isa Baitulmali in dagaci bai karɓa ba, ko ya karɓa bai miƙa ba.

A duniya ta gaske da wuya lissafi ya rufe haka tsaf. A ce bambancin farko yara 30 ne, allura ta ɗauke 20, saura 10. Waɗannan goma ta wata hanya suka biyo, wadda ba mu gano ba tukuna, sai a koma nema. Masanan yanzu kuma sun ƙara da cewa tambaya ta fari ba tilas ba ce, domin hanyoyi biyu suna iya kashe juna. Karatu na iya kai uwa layin allura, ya kuma sama mata aikin da zai sa ta yaye yaro da wuri. Alheri ya bi nan, hasara ta bi can, in an haɗa sai a ga kamar karatu bai yi kome ba, alhali kuwa ya yi aiki biyu.

Ko sa'a ce kawai?

Mai saye ya kan ɗebi gero tafi guda a bakin buhu ya duba, amma ya san tafi guda na iya ruɗinsa. Gidaje 200 ma tafi guda ne daga cikin ƙasa. Da waɗansu gidajen muka shiga, da wataƙila lissafi ya sauya. A 1982 wani masani, Michael Sobel, ya kawo lissafin da ke nuna ko abin da ya bi ta tsani ya fi ƙarfin a ce sa'a ce. Amma lissafinsa yana bukatar gidaje masu yawa kafin a dogara gare shi. Yanzu an fi bin wata dabara da Bradley Efron ya fito da ita a 1979, wadda ko da ƙwarya ana iya kwatanta ta.

Ka rubuta labarin ko wane gida a 'yar takarda, ka zuba duka 200 a ƙwarya. Ka rufe ido ka ɗauki ɗaya, ka rubuta abin da ke ciki, ka mayar, ka gauraya, ka sake ɗauka, har sau 200. Wani gida zai fito sau biyu ko uku, wani ba zai fito ba ko kusa. Ka yi lissafin tsani da waɗannan, ka ajiye amsa. Sa'an nan ka sake tun daga farko, har sau dubu ko fiye. Da hannu aikin watanni ne, kwamfuta kuwa kafin ka sha ruwa ta gama. Daga nan ka jera amsoshin daga ƙarama zuwa babba, ka zubar da kaɗan a ko wane gefe, ka riƙe 95 cikin ɗari na tsakiya. In duk suna sama da sifiri, kamar daga 12 zuwa 28, tsanin ya tsaya da ƙafarsa. In kuwa sifiri ya shiga tsakiyarsu, ka kama bakinka tukuna, ka nemi ƙarin gidaje.

Ramuka uku a kan hanya

Kada mai karatu ya zaci in lissafi ya rufe shi ke nan an gama. Akwai ramuka uku da masana su kansu su ke faɗawa.

Na fari, wani abu na uku yana iya tsayawa a bayan sanadi da sakamako duka. Gidan da ke da wadata shi ya fi sa 'ya mace makaranta, shi ne kuma ke da kuɗin magani da abinci. Wadda ke zaune a Kankiya, a bakin hanyar Katsina zuwa Kano, makaranta kusa, asibiti kusa. Wadda ke ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, duka biyu sun yi mata nisa. In ba a gwada mai wadata da mai wadata, na kusa da na kusa ba, sai a ba karatu ladan da ba nasa ba. A 1988 John Cleland da Jerome van Ginneken suka tattara binciken ƙasashe da yawa, suka tarar kamar rabin bambancin da a ke gani wadatar gida ce ta kawo shi. Rabi ke nan ya tafi. Amma ku lura, rabi ya saura, shi kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Abu na uku yana iya tsayawa a bayan tsani da sakamako. Uwar da ba ta mance ranar allura, mai yiwuwa ita ce mai kula wadda ba ta barin ɗanta shiga gidan da a ke ƙyanda. Halin kula ba ya cikin littafin akawu, saboda haka lissafi ya kan tattara ladan duka ya ba allura. James Robins da Sander Greenland sun yi gargaɗi a kan wannan a 1992. Ko da ƙuri'a aka jefa aka zaɓi ƙauyukan da za a buɗe wa aji, don kada wadata ta shiga lissafi, ai ba wanda ya jefa ƙuri'ar wadda za ta kai ɗanta allura, ita ta zaɓa da kanta. Maganin wannan, a auna duk abin da a ke zargi, in da hali kuma a taɓa tsanin kansa da hannu, kamar yadda aka yi wa ƙwaron kurkunu.

Na uku, wa ya riga wani? Wataƙila matar da 'ya'yanta ke lafiya ita ce ta sami sukunin zuwa aji, wadda ke jinya kullum ba ta samu ba. In haka ne, lafiya ce ta kawo karatu. Shi ya sa a ofis ba mu karɓar takarda marar kwanan wata. Sanadi ya fara, tsani ya biyo, sakamako ya zo daga ƙarshe, a kuma rubuta lokacin ko wanne.

Abin da ya shafe mu

Saura tambaya guda wadda ta fi kusa da ku. Zaman makaranta ne ke da amfani, ko iya karatun kansa? Wani malamin jami'ar Harvard, Robert LeVine, da abokan aikinsa sun gwada wannan a Meksiko, da Nepal, da Benezuwela, da Zambiya, suka tara sakamakon a littafi a 2012. Ba su tsaya ga tambayar shekara nawa mace ta yi a aji ba. Sun ba uwaye rubutu su karanta, sun sa musu sanarwar lafiya irin ta rediyo su faɗi abin da suka fahimta, sun kuma ce su bayyana ciwo kamar suna gaban likita. Suka tarar iya karatun da ya zauna a kan mace shi ne tsani tsakanin makaranta da fahimtar sanarwar lafiya.

Wannan ya nuna mana abu biyu. Ga masu riƙe da kuɗin jama'a, tsani ba ya aiki da mataki guda. A buɗe aji a ƙauyen da ba allura, uwa ta karanta ranar komawa amma ba inda za ta koma. A gina ɗakin magani inda ba mai karanta kati, ma'aikaci ya wuni yana jira. Kafin a sa hannu a kan kuɗi, a tambaya wane mataki ne ya karye a wannan gari, domin na Kusada ba lalle ya zama na Fakuwa ba.

Gare ku kuma, 'yan'uwa maza da mata, takardar shaidar da aka ba ku ba ta jinyar yaro tana cikin akwati. Abin da ke aiki shi ne ki ɗauko katin asibiti ki karanta ranar da aka rubuta, ki duba kwalba ki ga cokali nawa, sau nawa a yini, ki tsaya gaban malamin asibiti ki faɗa masa yaushe zazzaɓi ya fara, me yaro ya ci, me aka ba shi. Kai kuma maigida, in ta karanta ta ce gobe ne, ka ba ta izini da kuɗin mota, gama kai ma mataki ne a tsanin nan. Karatun da ba a taɓawa kuwa ya kan dushe, sai a riƙa wasa shi kullum, ko da da takardar awo ce.

Daga yau duk wanda ya ce muku kaza ne ya kawo kaza, ko a kasuwa, ko a rediyo, ko a ofis, ku tambaye shi cikin ladabi: ta wace hanya? Wa ya ƙirga, gida nawa? Ba wani abu na uku a baya? In ya amsa, kun ƙaru. In ya kasa, kun tsira da kuɗinku, wataƙila har da abin da ya fi kuɗi. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu amfana da abin da muka koya, amin.